Alƙalamin Lauyan Talaka: Waiwaye Kan Tarihin Hauwa Ibrahim

Idan aka ce marubuci a ƙasar Hausa, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne mai ƙaga labari, ko mai tsara waƙa, ko kuwa mai shirya wasan kwaikwayo. Ba safai mukan tuna ba cewa akwai wani irin rubutu da ba a sayar da shi a kasuwa, ba a kuma karanta shi don hira, amma sau da yawa ran ɗan Adam kan rataya a kansa. Wannan shi ne rubutun kotu, wato takardar tuhuma, da bayanin zaman shari'a da magatakarda ke ɗauka, da dalilan ɗaukaka ƙara da lauya ke tsarawa. A wannan maƙala muna so mu bi sawun wata 'yar Arewa, Hauwa Ibrahim, wadda ta tashi daga tallan ƙauye ta zama mai gabatar da ƙara, daga nan ta koma kare marasa galihu, daga bisani ta shiga aji tana koyar da abin da ta koya a gaban alƙalai. Sai dai ba za a fahimci tafiyarta sosai ba sai an san inda lauyan talaka ya samo asali, da irin daɗewar da ya yi a bakin ƙofar kotunanmu kafin a ce masa ya shigo.

A ƙasar Amurka akwai lauyoyin da gwamnati ke biya albashi don kawai su kare wanda ake tuhuma idan ba shi da abin ɗaukar lauya. Wata lauya mai suna Clara Foltz ce ta kawo wannan shawara a wani babban taro a birnin Shikago cikin 1893, aka kuma buɗe ofishi na farko irin wannan a Los Anjalis cikin 1914. Amma abin bai zama tilas a kan dukkan jihohin ƙasar ba sai a 1963, ta dalilin wani fursuna mai suna Clarence Gideon. An ɗaure shi shekara biyar a jihar Fulorida bisa zargin fasa shago, bayan ya roƙi alƙali ya ba shi lauya an hana shi. Daga cikin kurkuku ya ɗauki fensir ya rubuta wa Kotun Ƙolin ƙasar kokensa da hannunsa. Kotun ta amince da cewa an tauye masa haƙƙi, aka sake shari'ar da lauya a gefensa, aka kuma sallame shi. A makarantun koyon lauya na can har akwai malaman da aikinsu shi ne koyar da rubutun shari'a kurum, kuma daga cikinsu akan sami waɗanda suka fara aiki a irin wancan ofishi na kare talakawa. Mu a nan ba mu raba ayyukan haka ba, amma tafarkin da Hauwa Ibrahim ta bi ya yi kusa da wannan ƙwarai.

Lauya a bakin ƙofa

Tun kafin zuwan Turawa akwai alƙalai a ƙasar Hausa, da muhutai masu taya su duba littattafai da rubuta hukunci. Shari'ar Musulunci kuma ta san wakili, wato wanda mutum zai naɗa ya tsaya masa a gaban alƙali. Da Lugga ya kafa mulkinsa a farkon ƙarni na 20, sai ya bar kotunan alƙalai da na sarakuna a ƙarƙashin En'e, amma aka shimfiɗa doka cewa lauya ba ya shiga cikinsu. Hatta kotunan lardi da Razdan da Di'o ke zama a ciki, ba a yarda lauya ya tsaya a gabansu ba har aka soke su a 1933. Hujjar Turawa ita ce lauyoyi za su dagula al'amari su kuma tatse talakawa. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, amma wanda ya fi cin ribar tsarin shi ne mai mulki, domin kuwa babu mai yi masa gardama da takarda a hannu.

'Yan NEPU su suka fi kowa ɗanɗana wannan a shekarun 1950. Akan kama mutum da safe bisa zargin zagin sarki ko yin lacca ba izini, kafin la'asar yana gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, kamar yadda aka sha ruwaitowa, sau 16 aka ɗaure ta. Shi kansa Malam Aminu Kano ɗan gidan shari'a ne, mahaifinsa muhuti ne a kotun alƙalin Kano, don haka ƙorafinsa bai taɓa zama a kan shari'ar kanta ba, a kan yadda aka mayar da kotu sandar dukan 'yan adawa ne.

Ana gab da samun mulkin kai, gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, babban jojin Sudan, da wani alƙali daga Fakistan, da Farfesa Anderson na Landan, tare da wasu dattawan Arewa. Shawararsu ce ta haifi dokar Final Kod, wadda majalisar da ke nan Kaduna ta zartar a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. A Kwalejin Koyon Sha'anin Mulki da ke Kongo, Zariya, aka riƙa horar da alƙalai yadda za su yi aiki da sabuwar dokar. Duk da haka ƙofa ba ta buɗe wa lauya ba. Sashe na 390 na dokar tsarin shari'ar laifuka ya ci gaba da hana shi tsayawa a kotunan En'e. Ko da sojoji suka karɓe waɗannan kotuna daga hannun sarakuna a 1967 zuwa 1968 suka mai da su kotunan yanki, hanin yana nan. Sai a 1982, a shari'ar Uzodinma da Kwamishinan 'Yan Sanda, wata babbar kotu ta yanke cewa wannan sashe ya saɓa wa Tsarin Mulkin 1979, wanda ya ba kowa damar kare kansa da bakinsa ko ta hannun lauyan da ya zaɓa. Mai karatu ya lissafa da kansa: kusan shekara 80 ke nan kotun da ta fi kusa da talakan Arewa tana zama ba lauya a cikinta.

Lauyoyin ma ina suke? Ɗan Arewa na farko da ya zama lauya shi ne Alhaji A.G.F. Abdul-Razaq na Ilori, a 1955. Su Mohammed Bello da Mamman Nasir suka biyo baya a tsakiyar waɗannan shekaru, kuma aikin gwamnati ya haɗiye su. A ɓangaren mata, Aloma Mariam Mukhtar ce ta fara. Ta zama lauya a Ingila a 1966, ta kama aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa a 1967, ta kuma yi aiki a ofishin mai tsara rubutun dokoki kafin ta hau kujerar majistare. Ita ce ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Babban Jojin Nijeriya, daga 2012 zuwa 2014. Mun kawo wannan ne da gangan, domin wasu jaridun waje kan rubuta cewa Hauwa Ibrahim ce Musulma ta farko da ta zama lauya a Arewa. Wannan ba daidai ba ne, kuma darajarta ba ta bukatar irin wannan ƙari.

Shi kuwa taimakon lauya kyauta, wani lauya ne mai suna Chimezie Ikeazor da abokansa suka fara shi da aljihunsu a 1974, sa'an nan gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mai da shi hukuma da Doka ta 56 ta 1976. An sabunta dokar a 2011. Jihar Legas ta buɗe nata ofishin lauyoyin kare talakawa a 2000, lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo yake Kwamishinan Shari'a. Hukumar tarayyar tana da ofisoshi a jihohi, har da nan Kaduna, sai dai tun kafuwarta lauyoyinta ba su taɓa isar masu bukata ba.

'Yar Hinna

An haifi Hauwa Ibrahim a ƙarshen shekarun 1960 a Hinna, wani gari a yankin Yamaltu-Deba, wanda ya faɗa cikin Jihar Gombe da aka ƙirƙiro ta a 1996. Mahaifinta malami ne. Ita da kanta ta sha ba da labarin yadda ta yi talla tana yarinya, da yadda aka so aurar da ita tun tana ƙarama, ta kafe sai karatu. Ta karanta shari'a a Jami'ar Jos, ta wuce Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, ta kuma koma Jos ta yi digiri na biyu a kan dokokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya.

Aikinta na farko a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Bauchi ne, a matsayin mai gabatar da ƙara. Masu ba da labarinta kan tsallake wannan zango da sauri, mu kuwa muna ganin a nan ne aka ƙera ta. Mai gabatar da ƙara shi ke karɓar fayil daga hannun 'yan sanda, ya duba ko shaidar ta kai, ya tsara tuhuma da sunan laifi da wuri da lokaci da sashen dokar da aka karya. Wanda ya yi shekaru yana ɗinka irin wannan riga ya san inda ɗinkinta kan yi rauni. Kafin 1999 ta riga ta bar aikin gwamnati, tana lauya mai zaman kanta a wani ofishi mai suna Aries a Abuja. Ba ta taɓa cin albashin gwamnati don kare talaka ba kamar takwarorinta na Amurka. Abin da ta yi daga baya kyauta ta yi shi.

Ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmed Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, dokar laifukanta ta fara aiki a Janairun 2000, wasu jihohi 11 kuma suka bi wannan hanya kowace da nata salo. Mu mazauna Kaduna ba ma bukatar a tuna mana da abin da ya faru ranar 21 ga Fabrairu, 2000, da kuma watan Mayu na wannan shekara. Tun daga lokacin kogi ya zama iyaka. Waɗanda suke zaune lafiya a Rigasa da Tudun Wada suka kwaso kaya suka yo Sabon Tasha da Narayi da Unguwan Boro, waɗanda ke wannan ɓangare su ma suka haura arewa. Gwamna Ahmed Makarfi ya nemi mafita a Nuwamban 2001 ta hanyar soke kotunan yanki, ya kafa kotunan shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya, kowa ya je wadda ta dace da shi. A cikin wannan hayaniya duka, mutane ƙalilan ne suka tsaya suka tambayi abu guda: wanda aka gurfanar a waɗannan sababbin kotuna, wa zai tsaya masa?

Amsar farko ba ta yi daɗi ba. A Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Zamfara saboda satar saniya, ba shi da lauya, bai kuma ɗaukaka ƙara ba. A Janairun 2001 aka yi wa wata yarinya ta Tsafe bulala 100 tun masu neman ɗaukaka mata ƙara ba su gama shiri ba. Ranar 3 ga Janairu, 2002, aka rataye Sani Yakubu Rodi a gidan yarin Kaduna, bayan wata kotu a Katsina ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Laifin mummuna ne matuƙa, amma shari'ar rai ce aka yi ta daga farko har ƙarshe ba lauya a gefensa.

Shari'o'i biyu

Safiya Hussaini mutuniyar Tungar Tudu ce a Jihar Sakkwato. Ranar 9 ga Oktoba, 2001, babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa, saboda ta sami ciki alhali tana bazawara. Namijin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi. Amina Lawal kuwa 'yar Kurami ce ta Ƙaramar Hukumar Bakori a Jihar Katsina. A Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata irin wannan hukunci, shi kuma namijin ya rantse da Alƙur'ani ya tafi gida. Dukkansu biyu matan karkara ne, ba su yi karatun boko ba, kuma babu wadda take da lauya a zaman farko.

Ƙungiyoyin mata biyu, BAOBAB ta su Ayesha Imam da WRAPA ta su Saudatu Mahdi, su suka haɗa lauyoyi da malamai suka ɗauki nauyin ɗaukaka ƙara. Abdulkadir Imam Ibrahim ya jagoranci lauyoyin Safiya, Aliyu Musa Yawuri ya jagoranci na Amina, Hauwa Ibrahim kuma tana cikin tawagar. Duniya ta fi sanin fuskarta, amma adalci ne a ambaci waɗannan mutane, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ne labarin ya shafe mu marubuta kai tsaye. Hauwa ta sha faɗin cewa a farkon al'amari ba a sakar mata fuska ta yi magana a gaban alƙalan waɗannan kotuna ba, saboda ita mace ce. Sai ta riƙa rubuta abin da take so a faɗa a 'yar takarda, ta miƙa wa abokin aikinta namiji ya tashi ya faɗa. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san bambancin bayani da baki da bayani a rubuce. Mai magana yana da murya da hannu da fuska, idan ya ga ba a gane ba ya sake. Mai miƙa takarda ba shi da ko ɗaya. Dole jimlar ta zama gajeriya, hujjar ta zo da madogararta, ta yadda wanda zai karanta a tsaye ba zai yi tuntuɓe ba.

Ga kuma matsalar harshe. Lauyoyin da Turanci aka horar da su, zaman kotun da Hausa ake yin sa ana kuma rubuta shi da Hausa, littattafan da ake kafa hujja da su kuwa, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, da Larabci suke. Aikin farko shi ne a samo kwafin bayanin zaman kotun ƙasa, a zauna a bi shi layi layi. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta ga abin da ya faru a Gwadabawa ko Bakori ba, abin da magatakarda ya rubuta kawai take gani. Abin da ba a rubuta ba, a wurinta ba a yi shi ba.

Da aka bi takardun Safiya sai aka ga tuhumar ba ta fayyace lokaci da wuri yadda ya kamata ba. Da aka lissafa watannin cikin kuma, sai ya bayyana abin da ake zarginta da shi ya riga ranar da dokar ta fara aiki a Sakkwato, alhali sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum da dokar da ba ta wanzu ba lokacin da ya aikata abin. Ranar 25 ga Maris, 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Sakkwato ta soke hukuncin.

Ta Amina ta fi jan lokaci. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin ranar 19 ga Agusta, 2002, aka jinkirta zartarwa har sai ta yaye 'yarta. Lauyoyin suka wuce Katsina da dalilansu a tsare. Dokar jihar ta ce alƙali ya zauna da mataimaka biyu, amma takarda ta nuna shi kaɗai ya zauna. Iƙirarin da aka ce ta yi sau ɗaya ne, sa'an nan ta janye shi, kuma malamai sun yarda mai iƙirari a laifin haddi yana iya janyewa kafin a zartar. Ba wanda ya ce ya gani da idonsa, balle a sami shaidu huɗu. Sai kuma batun kwantaccen ciki, wanda kowace tsohuwa a ƙasar Hausa ta san sunansa: a mazhabar Malikiyya akwai ƙaulin cewa ciki na iya kaiwa shekara biyar bayan rabuwar aure, a jingina shi ga tsohon miji, ita kuwa Amina rabuwarta da mijinta ba ta kai haka ba. Likita ba zai yarda da wannan lissafi ba, mun sani. Amma mu a namu fahimtar, magabata ba darasin ilmin halitta suke koyarwa ba, ƙofa ce suka bari a buɗe don a rufa wa mace asiri a kuma kauce wa haddi inda akwai shubuha.

Akwai wata hujja da ta fi burge mu, saboda ta harshe ce zalla. Lauyoyin sun yi ƙorafin cewa kalmar zina Larabci ce, tana da ma'ana ta musamman da sharuɗɗa a fiƙihu, kuma babu inda takarda ta nuna an warware wa wadda ake tuhuma wannan ma'ana. Bahaushe yana amfani da kalmar kullum, har ya ɗauka tasa ce. Amma abin da matar ƙauye take nufi idan ta ce e, da abin da littafi yake nufi, ba lallai su zama ɗaya ba. Tsarin Mulki ya ce a sanar da mutum laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake ji. Tsakanin jin kalma da fahimtarta akwai tazara, kuma a wannan tazara ran mutum yake.

Ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Katsina, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim, ta sallami Amina Lawal. Alƙalai huɗu suka goyi bayan sakinta, ɗaya ya saɓa. Babu wanda ya ce wa kotun shari'ar Musulunci ba ta da inganci. Da littattafan da alƙalan suka karanta tun suna zaure aka yi musu magana.

Kafin a kai nan, hayaniyar waje ta yi yawa. An riƙa yaɗa wasiƙun koke ta intanet, wasu ɗauke da ranar jefewa ta ƙarya, wasu cike da zagin addini. A Mayun 2003 sai da BAOBAB ta fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa tana roƙon a dakata, domin irin wannan matsin lamba na iya sa mahukunta su yi taurin kai su gaggauta abin da ake gudu. Mu a Kaduna mun ga inda hayaniya ke kaiwa. Wasu 'yan takarar gasar sarauniyar kyau ta duniya sun ƙaurace wa zuwa Nijeriya a 2002 saboda shari'ar Amina, gardama ta yi zafi, sai wani rubutu na ganganci da ya fito a jaridar ThisDay ranar 16 ga Nuwamba ya zama ashana. Cikin 'yan kwanaki aka rasa rayuka fiye da 200 a wannan gari, watanni uku kacal bayan shugabannin addinai sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Rubutu ne ya jawo wannan, rubutu ne kuma ya fitar da Amina. Na farko an yi shi ba tare da tunanin wanda zai karanta ba, na biyun kuwa an auna kowace kalma da alƙalan da za a miƙa wa.

Ita ma Hauwa ba ta tsira daga zafin ba. Ta ba da labarin cewa bayan wata hira da aka yi da ita a rediyo kan hukuncin jefewa, wasu malamai sun fusata da ita ƙwarai. Maimakon ta ɓuya, sai ta lulluɓe jikinta ta je ta same su a masallaci, ta durƙusa a matsayin 'yarsu, ta nemi su nuna mata abin da littafi ya ce don ta ceci matar da take karewa. A faɗarta, ba su fito sun goyi bayanta ba, amma sun daina yaƙarta. Wasu za su kira wannan rusunawa. Wanda ya tashi a gidan malamai zai gane cewa ta san da wa take magana.

Daga kotu zuwa aji

A 2005 Majalisar Tarayyar Turai ta ba ta lambar yabo ta Sakharov, tare da wata ƙungiyar matan fursunonin siyasa ta Kyuba da ƙungiyar kare 'yan jarida mai mazauni a Faransa. A lissafin da ake bayarwa, shari'o'in da ta sa hannu a ciki kyauta sun haura 150, da yawa daga ciki na yara da matasan da aka yanke wa hukuncin yanke hannu ne. Ta ƙara wani digiri na biyu a wata jami'a da ke birnin Washinton, ta yi zaman bincike a Jami'ar Yale da cibiyar Radcliffe ta Jami'ar Harvard, ta koyar a makarantar lauyoyi ta Jami'ar Saint Louis. Daga 2010 zuwa 2013 ta kasance malama mai ziyara a makarantar nazarin addinai ta Harvard, tana koyar da shari'ar Musulunci da al'amuran mata, daga baya kuma ta koyar a wata jami'a a birnin Rum na Italiya. A gida, gwamnatin Jonathan ta sa ta cikin kwamitin binciken sace 'yan matan Chibok a 2014.

A 2013 ƙungiyar lauyoyin Amurka ta buga littafinta mai suna Practicing Shariah Law, inda ta tsara dabaru bakwai na neman adalci a kotunan shari'a. Littafin jagora ne ga lauya mai aiki: ya san dokar da yanayin wurin, ya mutunta kotu, ya kula da ƙananan abubuwa a takarda, ya yi hattara da 'yan jarida. Tun kafin wannan, a 2007, Philip Ostien, wanda ya koyar da shari'a a Jami'ar Jos, ya fitar da kundi mai juzu'i biyar a Ibadan kan aiwatar da shari'a a Arewa, inda aka fassara bayanan zaman kotun Safiya da na Amina daga Hausa zuwa Turanci, tare da maƙalar Aliyu Musa Yawuri kan yadda aka kare su. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, ɗalibi a Boston zai iya karanta hukuncin Katsina a fassare, ɗalibinmu na Sabon Tasha ko Funtuwa kuwa ba zai sami asalin Hausar a kantin littattafai ba. Ga rubutacciyar Hausa ta manyan alƙalai, mai cike da hujja da tsari, tana kwance a kabad ɗin rajistara, mu kuwa muna kukan ba mu da abin koyar da rubutun hujja a aji.

A azuzuwanmu na sakandare ba a rasa yara uku ko huɗu a kowace shekara da ke cewa lauya za su zama. Baƙar riga da farar hula ke jan su, da irin muhawarar da suke gani a fim. Ka ce su taƙaita shafi biyu cikin jimla biyar, ko su rubuta wasiƙar koke ga shugaban ƙaramar hukuma, sai fuska ta canza. Jami'o'i sun fara gane wannan giɓi. Tun 2003 aka kafa ƙungiyar da ke ƙarfafa buɗe ofisoshin taimakon shari'a a tsangayoyin koyon lauya, inda ɗalibai ke zuwa gidajen yari su ɗauki bayani su rubuta takardun neman beli ƙarƙashin kulawar malamansu. Jami'ar Maiduguri na cikin huɗun farko da suka fara.

Har zuwa rubuta wannan maƙala ba a taɓa zartar da hukuncin jefewa bisa umarnin kotu ba a Nijeriya tun dawowar dokokin a 2000, kuma ɗaukaka ƙara na da babban rabo a cikin hakan. Amma shari'o'in da suka yi suna 'yan kaɗan ne. A gidajen yarin ƙasar nan, waɗanda aka sauya wa suna zuwa gidajen gyaran hali a 2019, kusan kashi biyu cikin uku na mazauna ciki jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Jihar Kaduna ta yi sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka a 2017 don rage wannan jinkiri. Duk da haka, wanda ya je harabar kotun Magajin Gari ko wata kotun majistare a kudancin kogi da safiyar Litinin zai ga motar fursunoni ta sauke samari, 'yan uwansu na tsaye a gindin bishiya suna tambayar duk mai baƙar kwat nawa ne kuɗin rubuta takardar beli.